Kafin ka aika wa gida injin yankan ciyawa, duba ciyawar da ƙasar tukuna

Ruwan farko yakan sauka a Salaga tun cikin Afrilu, ya iso Yendi jim kaɗan bayan haka, Bawku kuwa sai ta jira ƙarshen Mayu ko shigowar Yuni. Amma ko a ina ne, da zarar ƙasa ta sha sau uku zuwa huɗu, waya za ta fara ƙara a aljihun maigidan da ke shago a Kumasi, Akra, Lome ko Kano, ko wanda ke can Italiya da Amurka. Maganar ba ta canzawa: "Alhaji, ciyawa fa ta rufe bayan gida. Jiya ma yara sun ga maciji wajen rijiya."

A da amsar mai sauƙi ce. A ɗauko adda da langalanga, a kira samarin gida ko a nemi ɗan ƙwadago, kafin azahar an gama. Yanzu samarin suna makaranta ko sun bi iyayensu kudu neman kuɗi, ɗan ƙwadagon kuma kuɗinsa ya tashi, ga shi bayan mako uku ciyawar ta dawo kamar ba a taɓa ta ba. Shi ya sa maigida ke fara tunanin inji. Tunani ne mai kyau. Inda ake samun matsala shi ne wajen zaɓi, domin a shagunan gidaje da dama na zango akwai jan inji mai taya huɗu da ya yi damina ɗaya, ko ma rabinta, yanzu kaji ne ke ƙwai a ƙarƙashinsa.

Injin da ake turawa, irin wanda muke gani a finafinai, ba don filinmu aka ƙirƙire shi ba. Wani Bature mai suna Edwin Budding ne ya fara ƙera shi a Ingila a 1830, bayan ya lura da na'urar da ke aske gashin yadi a masaƙa. Wato tun asali injin aski ne. An yi shi ne don ciyawa mai laushi da aka shuka da gangan a shimfiɗaɗɗen wuri, wadda ruwa ba ya yanke mata, ana rage mata tsawo duk mako. Mu kuwa abin da ke bayan gidajenmu daji ne yake neman dawowa inda aka kore shi.

Me ke tsiro a filin naka?

A Salaga da Yendi, inda ruwa ya fi yawa, manyan abokan faɗan su ne gamba da kyasuwa da tofa. Gamba idan aka ƙyale ta zuwa Satumba sai ta shanye tsawon mutum, kututturenta kuma ya yi tauri kamar an ɗaure tsintsiya an binne. Tofa ta fi kowa taurin kai, don saiwarta tana tafiya ne a ƙarƙashin ƙasa. Ka sare ta yau, mako mai zuwa ta fito da tsini kamar allura, ta soki ƙafar yaro mara takalmi. Duk waɗannan ba abincin injin turawa ba ne. Zai shiga, ya shaƙe, ya mutu, a ja igiya har kafaɗa ta yi ciwo.

Ciyawar da injin turawa ke so ita ce mai rarrafe irin kiri-kiri, ko wadda masu gidajen zamani ke sayowa su dasa a gaban gida. Idan irinta kake da ita, kuma akwai mai yankanta a kai a kai, to kana cikin 'yan kaɗan da wannan inji zai yi wa rana. Masana kula da irin wannan fili suna da ƙa'ida: kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawar a yanka ɗaya. A watan Agusta wannan na nufin kusan kowane mako. Wanda ke zuwa gida sai Sallah zuwa Sallah ya tambayi kansa wa zai riƙe masa wannan aiki.

Sai ƙasar kanta, wadda a ganina ta fi ciyawar muhimmanci. Yawancin filayenmu marmara ce da tsakuwa. Gidan ɗan kasuwa kuma, kowa ya sani, ba a gama shi a shekara ɗaya: bana a kai linta, baɗi a yi rufi. Saboda haka cikin ciyawar akwai fasassun bulo, guntayen rodi, wayar ɗauri, kwalabe, turakun awaki, ga suri da kututturen dalbejiya da aka sare. Wuƙar injin turawa a ɗaure take kai tsaye da sandar da ke juyawa a cikin injin, tana zagaye kusan sau 3,000 a minti ɗaya. Ranar da ta daki kututture ko rodi, ba wuƙar kaɗai ke lanƙwashewa ba, har sandar cikin takan karkace. Daga nan inji zai riƙa rawa kamar mai zazzaɓi, gyaransa kuma ya kusa kuɗin sabo.

Mutanen Salaga suna da ƙarin abin lura. Garin ya yi suna da yawan rijiyoyi tun zamanin da ayarin fatake ke sauka daga Kano da Katsina da Sakkwato sayen goron Gwanja, kuma har yau akwai tsofaffin rijiyoyi da ramuka da ciyawa ke rufewa da damina. Duk wanda ya sayi fili a tsohuwar unguwa ko bakin gari, ya bi shi da ƙafa tun da rani ya kafa alama, kafin ya tura yaro da inji a cikin duhun ciyawa.

Na ratayawa a kafaɗa

Ga mafi yawan gidajen zango a garuruwan nan uku, injin da ya dace shi ne mai doguwar sanda wanda ake ratayawa a kafaɗa, ƙaramin inji a baya, abin yanka a gaba, mutum yana lilo da shi dama da hagu kamar mai girbi. Shi ne kake jin ƙugin sa a filayen makarantu da bakin titi da harabar asibiti. Ba ruwansa da tudu ko kwari, yana shiga gindin katanga da bayan bayi da tsakanin itatuwan mangwaro, kuma idan ya gamu da dutse, asarar ba ta wuce zare ko wuƙa ba. Ana ɗora shi a babur a kai shi gona. Ba ya yin aski mai kyan gani kamar na turawa, wannan gaskiya ne, amma wa ya ce ado muke nema?

Abin yankansa iri biyu ne. Akwai kan da ke ɗauke da zaren roba, wanda wani Ba'amurke mai suna George Ballas ya ƙirƙiro a birnin Houston a 1971, da gwangwani da zaren kamun kifi ya fara. Zare shi ne na ciyawa mai laushi da kuma wuraren da ke da duwatsu ko kusa da bango, domin shi ke cinyewa, ba abin da ya taɓa ba. Mai kaurin milimita 2.4 zuwa 3 ya isa aikin gida. Sai faifan ƙarfe mai haƙora biyu ko uku, na gamba da kyasuwa da ƙananan tsirrai masu itace. Akwai kuma mai haƙora 40 ko fiye kamar zarto, wanda masu shago ke son haɗa wa mutum a matsayin gyara. Wannan na saran ƙananan itatuwa ne, kuma shi ya fi kowanne hatsari, don idan ya ci karo da abu mai tauri yakan yi tsalle ya fizge sandar gefe. A ajiye shi a ɗaki sai ranar da ake buƙatarsa.

Wajen ƙarfi, ana auna injin da lambar da ake rubutawa da cc. Mai 25 zuwa 35 ba shi da nauyi, ya isa tsakar gida da kewayenta idan ba a bari ciyawa ta girma ba. Mai 43 ko 52, waɗanda su ne suka cika kasuwa daga Chaina, su ne na fili mai gamba ko na wanda zai riƙa yin aikin haya. Ka tuna cewa fuloti mai ƙafa 100 tsawo da 100 faɗi bai wuce murabba'in mita 930 ba, kuma idan aka cire gini da tsakar gida da aka yi wa siminti, abin da ya rage kaɗan ne. Babu dalilin sayen babban inji don wannan. A zaɓi mai miƙaƙƙiyar sanda, don mai lanƙwasa ba ya ɗaukar faifan ƙarfe, a kuma tabbatar akwai maɗauri mai kafaɗa biyu. Igiyar nan guda ɗaya da ake sa wa cikin kwali, bayan awa ɗaya mutum zai ji kamar ya yi dakon buhun masara daga tasha.

Maganar mai, inda yawancin injuna ke mutuwa

Galibin injunan ratayawa irin waɗanda ake haɗa musu fetur da baƙin mai ne a tanki ɗaya, kamar ƙaramin janareton nan da kowa ya sani. Ba su da wurin zuba baƙin mai daban, don haka wanda aka gauraya cikin fetur shi ne kaɗai ke hana fistin cin jikinsa. Yaro ya zuba zallan fetur sau ɗaya, cikin 'yan mintuna inji ya ƙone. Ba a gyara wannan da addu'a, sai an canza fistin da gidansa.

Awon yana rubuce a takardar inji, wani lokaci har a murfin tanki. Kamfanoni irin su Stihl da Husqvarna suna cewa 50 da 1 idan an yi amfani da mansu, wato mililita 20 na mai a litar fetur guda. Masu sauƙin kuɗi da yawa suna neman 25 da 1, wato mililita 40 a lita. Wasu 40 da 1, mililita 25 ke nan. Kuma man da ake nufi shi ne wanda aka rubuta wa 2T a jikin gora, ba man mota ba, balle baƙin man da aka juye daga babur. Shawarata ga Hajiyar da aka bar wa riƙon gida: ki samu sirinji babba daga kemis da jarka guda da aka yi wa alama da jan fenti, ki ce daga cikinta kaɗai za a zuba wa inji, kuma a gabanki za a haɗa. Kada a haɗa fiye da abin da za a ƙarar cikin wata ɗaya, domin fetur yana lalacewa idan ya daɗe. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya kuwa, wanda ba a san abin da aka sirka masa ba, kafiretan ƙaramin inji ba ya jure shi. Hanyoyin man da ke ciki sirara ne kamar kafar allura.

Wanda ba ya son wannan lissafi yana iya neman irin wanda baƙin mansa daban yake, kamar mai injin Honda GX35. Ya fi tsada, ya ɗan fi nauyi, amma ba ya hayaƙi sosai, ƙararsa da sauƙi, kuma zallan fetur yake sha. Sai dai a buɗe ido. Sunan manyan kamfanoni yana da sauƙin bugawa a takarda a manna, kuma mai shago zai ce maka, "Alhaji, wannan kai tsaye daga Jafan yake." Idan kuɗin ya yi ƙasa da hankali, to hankalin ya fi gaskiya. Injin Chaina da aka sayar maka a matsayin na Chaina, da kuɗinsa, ba laifi ba ne, kuma da yawansu suna aiki shekaru idan an kula. Abin haushi shi ne ka biya kuɗin doki a ba ka jaki.

Ga masu aikowa daga waje

'Yan'uwanmu da ke Amurka da Kanada su saurara da kyau a nan. Wutar can bolt 120 ce, ta Gana kuwa 230. Injin lantarki mai waya da aka saya a can, idan aka soka shi a bango a Yendi, hayaƙi ne zai biyo baya. Ƙaramar taransifomar da ake sa wa rediyo ba za ta ɗauke shi ba, don irin waɗannan injuna suna jan wat dubu da ɗoriya. Na Ingila da Jamus da Italiya wutarsu ta dace da tamu, kan soket ne kawai wani lokaci sai an canza. Amma ko ya dace, a tuna cewa da damina ake yankan ciyawa, lokacin da hadari ke sa NEDCo ta ɗauke wuta, ga doguwar waya tana jan ƙasa cikin raɓa a gidan da yara ke yawo ba takalmi. Ni dai ban ga hikimarsa ba sai a ɗan ƙaramin fili gaban gida.

Na batir ya fi dacewa da gidan da mata da tsofaffi ne kawai a ciki: babu jan igiya, babu haɗa mai, babu ƙara, kuma gidan da ke da sola yana iya cajinsa. Iyakarsa ita ce ba ya daɗewa, batir ɗaya da wuya ya kai awa yana aiki, kuma ba ya iya gamba da ta riƙa. A duba jikin cajar, idan an rubuta 100 zuwa 240 to za ta yi aiki ko'ina. Idan 120 kaɗai aka rubuta, a bar ta can. A aiko da batir biyu tun farko, don samun irinsa a Tamale ko Bolga ba tabbas. Kada kuma a ajiye shi a ɗakin kwano a watan Maris, lokacin da zafin Bawku ke haura digiri 40. Mai niyyar riƙo shi a jirgin sama ya sani cewa ba a barin fasinja ya hau da batirin da ya wuce 160 Wh, kuma manyan baturan injin turawa da yawa sun wuce haka. Sai dai ta kwantena.

Wanda ake hawa kamar ƙaramar tarakta kuwa, a bar wa masu filin ƙwallo.

Ina za a samu kayan gyara?

Wannan ita ce tambayar da ɗan kasuwa ya kamata ya fi kowa ganewa, amma sai ka ga an manta da ita. Yendi tana da kusan kilomita 100 daga Tamale, Salaga ta ɗan fi haka. Wanda ya rasa abu a Tamale sai Kumasi, unguwar makanikai ta Suame da ake kira Magazin, kuma daga Salaga ko dai a zagaya ta Tamale ko a tsallaka tafki da jirgin ruwa daga Makango zuwa Yeji. Mutumin Bawku yana da Bolga, yana kuma da kasuwar Sinkase a kan iyakar Togo da Burkina Faso, amma duk mazaunin garin ya san yadda rashin kwanciyar hankali da dokar hana fita suka sha tsayar da zirga-zirga a shekarun nan. Injin da zai kwana wata biyu yana jiran robar da ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa ba, a tsakiyar damina, daidai yake da babu.

Saboda haka kafin ka biya kuɗi, fara zuwa wurin mai gyaran babur ko janareto ko injin feshi na garinku ka tambaye shi wane iri ne ya saba buɗewa. Abin da ya ambata shi za ka saya, ko da akwai wanda ya fi shi suna. A nan ne injunan 43 da 52 na Chaina suka ci kasuwa: kafireta, igiyar tayarwa, fulogi, kulochi, duk kusan iri ɗaya ne, ana samunsu a shaguna da yawa. Abu ɗaya da ke ruɗa mutane shi ne kan giyar da ke ƙarshen sanda. Akwai mai bututu milimita 26 da mai 28, akwai mai tsaga 7 da mai tsaga 9 a bakin sandar ciki. Ka san naka, ka rubuta a waya, don kada a yi aike Kumasi a dawo da wanda ba ya shiga. Ranar saye kuma ka haɗa da fulogi biyu, ƙunshin zare, soson tace iska da ɗan giris na kan giya. A tayar da injin a gabanka a shagon, ya yi zafi, a kashe a sake tayarwa, sannan a ba ka rasit.

Na hannu da ake kawowa daga Turai, wanda a kasuwa ake ce wa hom-yus, yana iya zama alheri, yana iya zama jarfa. Ja igiyar a hankali: idan ba ka ji tana turjewa ba, injin ya gaji. Idan na turawa ne, cire wayar fulogi, ka kwantar da shi ta yadda matatar iska ke sama, ka juya wuƙar da hannu ka ga ko tana layi.

Wa zai riƙe shi?

Inji ba ya zuwa da mai aiki a cikin kwali. Kuma ba abin wasan yara ba ne, ko da yake su ne za su fi kowa rububinsa ranar da ya iso. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada yaron da bai kai shekara 12 ba ya tura injin yankan ciyawa. Na ratayawa mai faifan ƙarfe kuwa, ni a ganina sai baligi mai hankali. Kamfanonin da ke ƙera shi suna rubuta cewa kowa ya yi nesa da mai aiki da aƙalla mita 15, domin tsakuwar da ya ɗauka tana fita kamar daga bakin gwafa. A gidan zango, inda wannan ke wanke-wanke, waccan ke tuyar ƙosai, almajirai na karatu a zaure, mita 15 na nufin a kwashe kowa a shiga ɗaki, a kuma janye mota da babur, a rufe tagogin gilashi. Asibitin Presbyterian na Bawku ya yi suna wajen aikin ido har a ƙasashen maƙwabta, amma idon da dutse ya fasa ba kullum likita ke iya dawo da shi ba. A tanadi tabarau na aiki ko garkuwar fuska, dogon wando mai kauri, takalmin but, da abin toshe kunne. Ƙarar waɗannan injuna takan kai ma'aunin da ke lalata ji idan aka daɗe a cikinta, kuma kunnen da ya tafi ba ya dawowa.

Takalmin yana da amfani na biyu. Kububuwa, wadda ta fi kowane maciji ɓarna a arewacin Gana, ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. Kasa ma ba ta gudu, kwanciya take ta jira. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Mai yanka ya fara daga jikin gida ya nufi waje, don abin da ke ciki ya samu hanyar fita ta daji, ba ta ɗakin girki ba. In kuwa tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau, sai asibiti nan take.

To me ya sa ba za a yi feshi ko a sa wuta ba?

Da yawa haka suke yi. Maganin kashe ciyawa, wanda manoma ke kira kondem, ya shiga ko'ina, kuma a gona yana da wurinsa. A cikin gida kuwa sai an yi tunani. Akwai rijiya, akwai kaji da awaki da ke kiwo, akwai zogale da yakuwa da Hajiya ta shuka a gindin katanga. Nau'in da ke ƙone ganye cikin kwana ɗaya ko biyu, mai sinadarin parakwat, guba ce da ba ta da makari idan aka sha, kuma an hana amfani da ita a Tarayyar Turai tun 2007. Ajiye irin wannan a gorar lemo a gidan da ke da yara ganganci ne. Ban da haka, ciyawar da aka fesa ba ta tafi ko'ina, tana nan tsaye a bushe, tana jiran ashana.

Wuta kuwa dattawa ba su manta 1983 ba, shekarar da fari da gobarar daji suka cinye gonaki a faɗin Gana aka shiga yunwa. Dokar hana ƙona daji ta 1990 tana nan har yau. Gidan da aka gina a bakin gari ba kowa a ciki, gamba ta kewaye shi, shi ne farkon abin da wutar mafarauta ke samu idan hunturu ya kama. Shi ya sa yanka mafi muhimmanci a shekara ba na Yuli ba ne, na ƙarshen Oktoba ne zuwa Nuwamba, kafin ciyawa ta bushe: a share taku da yawa kewaye da katanga, a kwashe abin da aka yanka a kai nesa. Wanda ya yi haka ya kuma huta da tankas, masu duba tsaftar gari, da sammacinsu.

Bawku tana da nata lissafin daban. A can ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, dabbobi sun yi yawa, rani kuma dogo ne, saboda haka ciyawa dukiya ce. Mai turke da ragunan da yake kiwatawa don Babbar Sallah ba zai so injin turawa ba, domin niƙe ciyawar yake yi ta zama dusa ta bi ƙasa. Zaren roba ma yayyaga ta yake. Lauje ko faifan ƙarfe mai haƙora uku su ne ke kwantar da ita da tsawonta, a shanya a inuwa, a ɗaure dami a ɗora a rumfa tare da harawa. Kyasuwa da aka yanka tun tana ɗanya kafin ta yi fure abinci ce mai kyau ga tumaki. Masu lambun albasa ma ba su da aikin da za su ba inji a tsakanin fangali, sai dai gyaran hanya da bakin ruwa kafin a fara aikin rani. A gida irin wannan, sau da yawa yarjejeniya da maƙwabci mai dabbobi, ya yanka ya kwashe, ta fi sayen kowane inji.

Haka nan wanda filinsa bai wuce a yanka sau huɗu ko biyar a damina ba, ya yi lissafi irin na shago: kuɗin inji, mai, gyara, da ladan mai riƙewa, a gefe guda, kuɗin kiran mai inji ya zo ya yi a tura masa ta MoMo a ɗaya gefen. Sau da yawa haya ta fi sauƙi. Idan kuma an saya, to a mayar da shi jari. Ƙanen maigida ko ɗan ɗakinsa da ke zaune ba aiki yana iya ɗaukarsa ya bi makarantu, masallatai, maƙabarta, filin Idi da gidajen sauran matafiya, ya cire na mai da na gyara, ya kula da gidan maigida kyauta. 'Yan'uwa uku ko huɗu da ke fatauci a gari ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi mai kyau guda, da sharaɗin mutum ɗaya ne zai riƙa taɓa shi. Injin da kowa ke ara ba ya ganin damina ta biyu.

Idan an yi yankan ƙarshe a Nuwamba, inji zai kwanta kusan wata shida. Fetur ɗin da aka bari a ciki zai bushe ya zama danƙo ya toshe kafireta, robobin ciki su ƙage, sai a zo watan Mayu a yi ta jan igiya ana zagin mai shago. A juye tankin, a tayar da injin a bar shi ya ƙare abin da ya rage har ya mutu da kansa. A wanke soson iska, a cire faifan a shafa masa mai, a sa giris a kan giya. Na turawa a canza masa baƙin mai. Sannan a rufe shi da buhu saboda ƙurar hunturu, a rataye shi sama inda ɓera ba zai kai ga tiyon mai ba, kuma nesa da murhu.